BKC ba Ya Haɗa Bokiti da Sabulu

Tambaya: Ina haɗa sabulun ruwa a gida a nan Kano da Texapon da salfonik, ina kai wa masu gidajen abinci da wasu masu kiwon kaji. An sayar mini da wani ruwa mai kauri da ake kira BKC, aka ce in zuba a ciki don sabulun ya riƙa kashe ƙwayoyin cuta. Da na zuba sai haɗin ya gurɓace, kumfa ta ragu, hannuna kuma ya yi ja yana raɗaɗi. A ina matsalar take?

Amsa: Abu biyu ne suka same ki. Kin haɗa sinadarai biyu da ba sa ga-maciji, sannan kin taɓa tsuran sinadarin da hannu tsirara. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Cikakken sunan BKC shi ne benzalkoniyam kulorayid. Yana cikin dangin sinadaran wanki da ake kira katayonik. Kowace ƙwayar sinadarin wanki tana da kai mai son ruwa da jela mai son maiƙo. Bambancin yana kan cajin da ke kai. Sabulun gargajiya da Texapon da salfonik duk cajinsu negatif ne, BKC kuwa nasa fozitif ne. Fatar ƙwayoyin bakteriya tana ɗauke da cajin negatif, don haka BKC yakan manne mata, ya soka jelarsa ya huda ta, abin da ke ciki ya tsiyaye. Wani likita Bajamushe, Gerhard Domagk, shi ya bayyana wannan ƙarfi nasa a 1935, tun daga lokacin kuma asibitoci ke aiki da shi.

To da kika zuba shi a sabulu, sai ya tarar da cajin negatif tun kafin ya je ga ƙwayar cuta. Suka manne wa juna kamar mayen ƙarfe da ƙusa, suka zama wani gudaji da ba ya narkewa. Shi ne gurɓacewar da kika gani. Sabulun ya rasa kumfa, BKC ya rasa ƙarfi, aka yi biyu babu. Haɗarin ma ya wuce asarar kuɗi: mai gidan abinci zai wanke teburin yankan nama yana zaton ya kashe ƙwayoyin cuta, alhali an yi ba a yi ba.

Wannan son mannewa shi ne sirrin amfanin dangin katayonik a masana'antu. Ruwan laushin tufafi yana manne wa zaren auduga ne ya bar masa santsi. Man gyaran gashi da ake shafawa bayan shamfu, da setirimoniyam a cikinsa, haka yake yi wa gashi. Masu aikin hanya suna narka kwalta a ruwa da irin wannan sinadari domin ta kama tsakuwar dutse da kyau ba sai an dafa ta da zafi sosai ba. Kamfanonin mai suna zuba shi a bututu ya lulluɓe ƙarfe ya rage tsatsa. A majemun zamani, irin na Sharaɗa da Challawa, akwai man laushin fata na wannan dangi. Ana kuma sa shi a tafkunan ninƙaya da tankunan sanyaya injuna don hana gansakuka, da kuma cikin maganin kare katako daga ruɓewa. Hatta Savlon da ke cikin akwatin maganin gida yana da ɗan'uwansa, setirimayid.

Sai dai ki lura da ma'auni. A maganin ɗigawa a ido, BKC bai cika wuce kashi 0.01 cikin 100 ba. A man tsabtace hannu kusan kashi 0.13 ne. Wanda ake sayarwa a jarka kuwa kashi 50 ne ko 80, wato ya fi na maganin ido ƙarfi sau dubu biyar zuwa dubu takwas. A wannan ƙarfin yana ƙona fata, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa, wanda ya sha kuma zai ƙone daga baki har ciki. Rashin wari mai ƙarfi da rashin launi su ne ke sa mutane raina shi.

Ga abin da za ki yi. Ki raba kayanki gida biyu: sabulu daban, maganin ƙwayoyin cuta daban, kowanne da bokitinsa da muciyarsa. Ki koya wa masu sayen kayanki su fara wankewa da sabulu, su ɗauraye da ruwa sosai, sannan su zuba maganin su bar wurin a jiƙe na tsawon lokacin da aka rubuta, yawanci minti 10 idan ɗakin kaji ne ko daɓe. Kashin kaji da jini da maiƙo suna cinye ƙarfinsa, saboda haka fesa shi a kan datti ɓata kuɗi ne. Idan lalle kina son haɗi ɗaya mai wanki da kisa, sai ki nemi sinadarin wanki marar caji, wanda ake kira noniyonik, domin yana zama lafiya da BKC.

Awo da sirinji ake yi, ba da murfin kwalba ba. Ga teburi da kwanukan abinci, ma'aunin da aka saba shi ne kashi 200 cikin miliyan. Idan mai kashi 50 ne a hannunki, mililita 8 ke nan a jarkar ruwa mai lita 20. Idan mai kashi 80 ne, mililita 5. Daɓen ɗakin kaji yana buƙatar fiye da haka, a nan sai ki bi takardar kamfanin da ya yi shi. Ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa yana rage masa aiki. Tsumman auduga ma yana tsotse shi daga bokiti, gara feshi ko tsumman da ba na auduga ba. Wanda aka surka kuma a yi aiki da shi a ranar. Akwai ƙwayar da ake kira sudomonas da ke iya rayuwa har ta hayayyafa a cikin tsohon surki mai rauni.

Masu kaji su san iyakarsa. Yana kashe yawancin bakteriya da ƙwayoyin birus masu rigar maiƙo, kamar na murar tsuntsaye. Amma shi kaɗai ba abin dogaro ba ne a kan ƙwayar gumboro, ko ta tarin fuka, ko ƙwayoyin da ke shiga ƙwanso su kwanta. Idan gumboro ta shiga gona, likitan dabbobi ne zai faɗi maganin da ya dace.

Wajen kare jiki, ki sa safar hannu ta roba mai kauri mai kaiwa gwiwar hannu, da tabarau mai rufe gefen ido, da riga mai dogon hannu. Sinadarin za ki tsiyaya a cikin ruwa a hankali, a wuri mai iska. Shaƙar feshinsa kullum yana jawo asma, an ga haka a tsakanin ma'aikatan tsabtace asibiti, don haka mai feshi ya rufe hanci da baki. Kada ki haɗa shi da bilic. Mai kashi 80 sau da yawa yana da sifirit a ciki, ki nesanta shi da murhu da risho. Ki bar shi a jarkarsa ta asali da sunansa a jiki, a kulle. Kada a juye shi a gorar lemo ko ta ruwan sha, nan ne yara ke faɗawa.

In ya taɓa fata, a cire tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara ruwa. In ido ne, a buɗe shi a ƙarƙashin ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa. In an sha, kada a sa mutum amai, kada a ɗura masa manja, domin amai zai sake ƙona maƙogwaro. A kurkure baki, a garzaya asibiti da jarkar a hannu. Naki hannun, idan ya yi bororo ko ya saɓule, likita ya duba shi. Ragowar sinadarin kuma kada ta shiga kwata mai zuwa rafi ko kududdufin kifi, don ɗan kaɗan ya isa ya kashe su.

Haɗin da ya riga ya gurɓace kada ki sayar da shi da sunan mai kashe ƙwayoyin cuta. Nan gaba ki nemi takardar bayanan kariya daga duk wanda ya sayar miki da sinadari, ki tabbatar da ƙarfin da aka rubuta. Kafin kuma ki rubuta a jikin kwalba cewa kayanki na kashe ƙwayoyin cuta, ki kai shi gwaji, ki yi rajista da hukumar NAFDAC. Wanda ya saya ba ya ganin ƙwayar cuta da idonsa, rubutunki yake dogara da shi. Allah ya sa albarka a sana'a.