Cutar Taurin Fata da Ƙoda: Amfanin Gwajin Garkuwar Jiki

Cutar taurin fata, wadda likitoci ke kira sikilerodama, tana samuwa ne idan garkuwar jiki ta juya wa mai ita baya. Fata kan yi tauri da sheƙi, wani wuri ya yi dabbare-dabbare, baki ya tsuke, yatsu su riƙa sauya launi da zafi lokacin hunturu. Ta fi kama mata. Ɗaya daga cikin illolinta mafi haɗari shi ne taɓuwar ƙoda farat ɗaya, galibi cikin shekaru 5 na farko: ƙananan jijiyoyin ƙoda su ƙuntace, jini ya hau, fitsari ya ragu, ga ciwon kai da dishi-dishin gani.

Gwajin sinadaran garkuwa a jini yana nuna wanda ya fi kusa da wannan haɗari. Gwajin farko shi ne ANA, wanda ke fitowa a fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar. Daga nan sai a tantance nau'in. Mai anti-centromere ba kasafai ƙodarsa ke taɓuwa ba. Anti-Scl-70 ya fi nuni ga huhu. Anti-RNA polymerase III kuwa shi ne babban gargaɗi game da ƙoda.

Akwai kuma gwajin ANCA. Idan ƙoda tana lalacewa, fitsari da jini da furotin, amma hawan jini bai yi tsanani ba, wataƙila kumburin jijiyoyin jini ne, wanda wannan gwaji ke taimakawa wajen ganowa. Bambancewar tana da muhimmanci, domin maganin wannan ya haɗa da sitiroyid, alhali sitiroyid ɗin prednisolone da ya kai miligiram 15 a rana na iya tayar da rikicin ƙodar sikilerodama. Shi ya sa sayen sa a kemis don ciwon gaɓɓai, ko shan haɗin maganin ƙiba mai ɗauke da sitiroyid, ganganci ne ga mai cutar.

Gwajin garkuwa kaɗai ba ya tabbatar da taɓuwar ƙoda. Sai an haɗa da awon jini, gwajin kiriyatinin da na fitsari. Mazauna cikin birnin Kano za su iya fara waɗannan a Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata, a tura su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake da likitocin ƙoda da injinan wankinta.

Wanda gwajinsa ya nuna haɗari ya riƙa auna jininsa a gida akai-akai. Idan ya hau, ba a jiran sakamakon wani gwajin garkuwa: likita kan fara ba da captopril nan take, maganin da ya rage mace-macen wannan matsala ƙwarai tun ƙarshen shekarun 1970.