Zaɓen Waya Domin Shingen Lambu

Manomi, kafin ka sayi waya, fara sanin dabbar da kake son tsarewa. Waya mai ƙaya layi huɗu tana tsare shanu da jakuna, amma akuya takan kutsa ta tsakanin layukan. Inda awaki da tumaki suka yi yawa, saƙaƙƙiyar waya mai tsayin mita 1.2 ita ce ta dace. Wayar kaji kuwa siririya ce, amfaninta shi ne kewaye fangali da wurin renon iri domin hana kaji da zabbi tono. Kada ka dogara da ita wajen tsare manyan dabbobi.

Ana gane kaurin waya da lamba, wadda 'yan kasuwa ke kira geji. A nan ne mutane da dama ke ruɗewa, domin ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri. Geji 12.5 ya kai kimanin milimita 2.5, kuma shi aka fi yin waya mai ƙaya da shi, alhali wayar kaji takan kasance geji 20 zuwa 22, wato ba ta kai milimita ɗaya ba.

Babban abokin gabar waya shi ne tsatsa. Saboda haka ka nemi wadda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya, don rufinta ya fi kauri bisa ga wadda aka yi wa shafe da lantarki, ko da yake ta biyun ta fi sheƙi a ido. Wannan ya fi muhimmanci a kudancin ƙasar nan inda damina ke da tsawo, balle kusa da teku kamar Legas, inda gishirin iska ke cin ƙarfe. Baƙar wayar da magina ke ɗaure rodi da ita ba ta da rufi ko kaɗan, haka ma wadda ake cirowa daga ƙonannun tayoyi. Arharsu ba riba ba ce.

Auna lambunka kafin ka tafi kasuwa. Lambu mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20 kewayensa mita 100 ne. Zai ci mita 400 na waya mai ƙaya idan layi huɗu za a ja, da dirkoki kimanin 34 in an bar mita 3 tsakaninsu. Ƙara kaɗan saboda ɗauri da kusurwoyi.

A shagon kayan gini, tambayi tsawon naɗin da nauyinsa, ka sa a ɗora shi bisa sikeli. Naɗi biyu masu tsawo ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi kauri. Lanƙwasa bakin wayar ka duba. In rufin ya ɓare, bar ta. Duba kuma tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON. Malaman gona su ƙarfafa wa ƙungiyoyin manoma gwiwar yin saye tare, domin farashin sari ya fi sauƙi.

Wajen kafawa, binne gindin saƙaƙƙiyar waya kamar santimita 15 zuwa 30 saboda gafiya da sauran masu tono. Shafa wa gindin dirkokin itace maganin gara. Kada ka jibge taki a jikin shingen, kuma ka share ciyawar gefensa kafin lokacin ƙunar daji, domin wuta tana lalata rufin tutiya, tsatsa ta biyo baya da ruwan farko.