Allurar ƙari ta korona ba ta dattawa kaɗai ba ce

Matasa da yawa a Ikara, Makarfi da Kudan sun ɗauka allurar ƙari sai tsofaffi. A'a. A ranar 10 ga Disamba 2021 hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa (NPHCDA) ta buɗe ta ga duk wanda ya cika shekara 18, muddin ya yi wata shida da karɓar allura ta biyu ta AstraZeneca, Moderna ko Pfizer. Wanda aka yi wa Johnson & Johnson, wata biyu kawai aka ce ya jira. Kyauta ce, kada ka ba kowa ko sisi.

Ka tafi da katinka ko da ya sha maiƙo a aljihu, domin kwanan watan jikinsa ma'aikaciyar lafiya za ta duba. In kana saran rake, ka zaɓi ranar hutu, saboda dantse kan yi tsami kwana ɗaya ko biyu.