Yadda ake auna cikin bindigar toka da wanke ta bayan farauta

Masu sa baki su hura bututun bindiga don su gane ko akwai ɗuri a ciki, don Allah su daina. Tsofaffin mafarautan gefen dajin Rugu, daga Ruma zuwa Runka, sandar ɗuri suke tambaya, kuma ita ba ta ƙarya.

Da farko cire ƙyastun da kunama ke sara, ka juya bakin bindigar inda ba mutum ba dabba.

Sai awo, wanda shi ne aikin. Zura sandar a hankali har ta tsaya, ka riƙe ta da babban yatsa daidai bakin bututu, ka zaro. Kwantar da ita a jikin bututun daga waje, yatsanka na nan a bakin. Idan kan sandar ya kai 'yar kafar da wuta ke shiga, ciki fayau yake. Nan take ka yi wa sandar tsaga da wuƙa a inda yatsanka yake. Kada ka yi alamar da alli ko biro, gumin hannu zai share ta kafin sati. Daga ranar, duk sanda ka ɗauki bindigar, ko minti biyar ka bar ta a zaure, zura sanda. Tsagar ta zauna daidai baki, lafiya. Ta tsaya sama da baki, akwai abu: tsohon ɗurin da aka manta, guntun tsumma, ko gidan zanzaro. Zanzaro na son bututun da aka rataye a ɗaki ƙwarai, kuma laƙarsa idan ta bushe tauri gare ta.

Abin da ke fasa bututu kenan. Wani ya manta ya ɗura, ya ƙara wani a kai. Wani kuma harsashin ya maƙale a tsakiya saboda daskararriyar toka, aka bar sarari tsakaninsa da albarushi. Wuta na tashi, ƙarfin ya taho ya tarar da hanya a toshe, sai ya nemi mafita ta gefe, daidai inda hannun hagu ke riƙe. Wanda ya ce maka ka harba sama abin zai fita da kansa, ba yatsunsa ba ne a wurin. Zuba ruwa ya jiƙa abin da ke ciki, ka kai wa maƙerin da ya san aikin. Haka in ka ja kunama ba ta tashi ba: riƙe ta a inda ka saita na aƙalla minti ɗaya, domin wuta kan yi jinkiri.

Wanki kuwa a ranar farautar ake yi, ba gobe ba. Tokar albarushi na da gishirin da ke jawo laima, da damina dare ɗaya ya isa tsatsa ta kama. Ruwan zafi da ɗan sabulu, tsumma a kan sanda, a yi ta gogewa har tsumman ya fito fari. Ruwan ya yi zafi sosai don ƙarfen ya bushe da kansa. Tsokane 'yar kafar wutar da siririyar waya.

Mai, ni na keken ɗinki nake sawa, ƙaramar kwalba ba ta da tsada kuma tana kai shekara. Man gyaɗa danƙo yake yi. Baƙin man inji kuwa datti kawai yake ƙarawa. Shafa kaɗan, ka goge kafin fita ta gaba.

Gargaɗin da ba na gajiya da shi: garin cikin harsashin zamani ba albarushi ba ne, ƙarfinsa ya fi abin da bututun maƙera zai ɗauka. Bindigar da aka yi da bututun famfo mai layin walda kuma, kyauta ma kada ka karɓa.

Rataye ta babu ɗuri, baki ƙasa, an toshe da jan tsumma don ka tuna ka cire. Albarushi a wani ɗakin daban, nesa da murhu da hannun yara. Dokar makamai ta 1959 ta sa lasisin irin wannan bindiga a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha, don haka ka nemi takardarka ta ofishin 'yan sanda na Batsari ko Safana kafin ka saɓa ta zuwa daji.