Kalmomin gidan shari'a

A wani ƙauye na ƙasar Illela, manoma biyu suka yi gardama a kan iyakar gona. Kowa ya ce wurin gadon ubansa ne. Suka je wurin mai gari, sulhu ya gagara. Sarki ma ya gwada, suka ƙi shiryawa. Sai aka rubuta takarda cewa sulhu bai yiwu ba, magana ta kai gaban alƙali.

Haka doka ta tsara. Dokar karkara ta 1993 ta ce, kafin rigimar gona ta shiga kotu, dole sarakuna su fara neman sulhu. Amma yanke hukunci aikin alƙali ne.

Yara, a kotu kowace kalma tana da nauyinta. Wanda bai gane ta ba yana iya rasa gonarsa, ko da shi ke da gaskiya. Ga waɗanda ya kamata ku sani:

Mai ƙara: wanda ya kai kukansa kotu.

Wanda ake ƙara: wanda aka kira don ya amsa maganar.

Sammaci: takardar kira. Tana ɗauke da suna da rana da wuri. Wanda ya ƙi zuwa, ana iya yanke hukunci ba ya nan.

Mai shaida: wanda ya faɗi abin da ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa. Shaidar zur laifi ce.

Lauya: masanin doka mai tsaya wa mutum a kotu.

Hukunci: abin da alƙali ya yanke bayan ya saurari kowa.

Tara: kuɗin da mai laifi ke biya wa hukuma.

Diyya: abin da ake biyan wanda aka yi wa ɓarna.

Ɗaukaka ƙara: kai magana kotun da ke sama, idan mutum bai yarda da hukunci ba. Tana da wa'adi. In ya wuce, shi ke nan.

Akwai babbar kotu a Birnin Ƙwanni, akwai kuma kotun ɗaukaka ƙara a Tawa.

Idan aka kawo sammaci gidanku, ku karanta wa iyayenku a natse, ku nuna musu ranar.

Tambayoyi

1. Wa ke sulhu, wa ke yanke hukunci?
2. Mene ne bambancin tara da diyya?
3. Me zai sami wanda ya ƙi amsa sammaci?