Darasi: Karatun Yaro Daga Gida Yake Farawa

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana tarbiyyar yara sun yarda da haka. Abin da yaro ya koya kafin ya kai shekara shida, shi ne harsashin karatunsa. Ga huɗu daga cikin masanan.

Na farko shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111. Ya koyar da cewa yaro amana ne a hannun iyayensa. Ya kuma ba da shawarar a bar yaro ya yi wasa idan ya taso daga makaranta, domin karatu ba hutu yana dakushe basira.

Na biyu Furobel ne, mutumin Jamus. A shekarar 1840 ya kira makarantarsa ta ƙananan yara da sunan lambun yara. A ganinsa yaro kamar shuka yake, malami kuma mai ban ruwa. Da wasa da waƙa ake koyarwa a can.

Ta uku ita ce Mariya Montesori, likita 'yar Italiya. A shekarar 1907 ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum. Ta lura yaro ya fi gane abin da ya taɓa da hannunsa. Don haka ta bar yara suna shara, suna wanke hannu, suna jera kaya da kansu.

Na huɗu ɗan Nijeriya ne, Farfesa Babs Fafunwa. A shekarar 1970 ya jagoranci wani gwaji a Ife, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarabanci. Yaran sun yi ƙoƙari ƙwarai. Wannan ya nuna harshen uwa yana sauƙaƙa fahimta.

Wannan darasi ya shafi iyaye a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi. A shekarar 2021 an rufe makarantun jihar Zamfara saboda rashin tsaro. A irin wannan hali, yaron da ba a koya wa komai a gida shi ne ya fi yin asara.

Koyarwar gida ba ta bukatar kuɗi. Uwa ta sa yaro ya ƙirga ƙwayar wake ko gyaɗa. Kaka ta yi masa tatsuniya, sannan ta ce ya maimaita. Uba ya bar shi ya ƙera motar kara. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya zana masa baƙaƙe a ƙasa. Idan yaro ya yi tambaya, a amsa masa, kada a kwatse shi.

Tambayoyi:
1. Wa ya kwatanta yaro da shuka?
2. Me ya sa Imam Gazali ya ce a bar yaro ya yi wasa?
3. Wane abu na gida za a iya koya wa yaro ƙirga da shi?