Kafin Ka Ɓamɓare Tambarin Motarka

Samari, ku matso mu yi magana a kan wani ɗan abu da bai wuce tafin hannu ba, amma ya ɗauke hankalin da yawanku. Yaro zai yi tari shekara da shekaru, Allah Ya hore masa mota 'yar Kwatano, ko juyen baƙin mai bai yi mata ba sai ka gan shi a Ƙofar Ruwa ko Panteka yana cigiyar tambari. Wani baƙi yake so maimakon mai walƙiya. Wani mai kawo wuta da dare. Wani kuwa haruffa yake nema ya manna a but, AMG ko TRD, ko M mai ratsin nan na launi uku.

Ban ga laifinku ba, kuma ba hana ku na zo yi ba. Motarka ce, guminka ne. Direbobin gingimari na zamaninmu sun cika jikin katako da zanen zaki da ɗawisu, ba wanda ya ce musu don me. Turawan da suka ƙera motar ma sun yi wannan ƙuruciyar tun kafin a haifi kakanninku. A Ingila, farkon ƙarnin da ya wuce, masu Rolls-Royce suka riƙa dasa 'yan gumaka iri-iri a hancin motocinsu, kowa da son ransa, har abin ya dami kamfanin. Da suka ga ba za su iya hanawa ba, sai suka sa wani masassaƙi mai suna Charles Sykes ya ƙera musu nasu a 1911, wannan 'yar siffar mace da ke tsaye a gaban motar har yau. To in attajiran Landan ba su tsira daga son kwalliya ba, ina ga ɗan Fagge.

Abin da nake so ku gane shi ne tambari shaida ce. Wanda ya ƙera abu ne yake ɗora sunansa ya ce ni na yi, in ya lalace ni za a zarga. Zakin Fijo ya girmi motar Fijo. Iyalan Peugeot a Faransa sun yi masa rajista a 1858, lokacin zarto da kayan ƙarfe suke yi, suna nufin haƙoran zartonsu na da kaifi irin na zaki. Da aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, mutanenmu suka amince da zakin nan domin 504 ta bi hanyoyin burji da ramuka ta dawo lafiya. Zobba huɗun Audi kamfanoni huɗu ne da suka haɗe a 1932. Duk alamar da kuka gani, akwai aikin wasu mutane a bayanta.

Saboda haka wanda ya sa baƙin tambarin Toyota a Toyota, ado ya yi. Wanda ya cire rubutun bayan motar gaba ɗaya ya bar fenti fes, shi ma ado ya yi, kuma ni wannan ya fi burge ni. A Jamus mutum kan sayi sabuwar Marsandi ko BMW ya ce wa kamfani kada a manna masa lambar samfurin tun daga masana'anta. Mai babban inji ba ya son maƙwabci ya san abin da ya kashe, mai ƙaramin inji shi ma ya huta da tambaya. Duk su biyun ba wanda ya yi wa kowa ƙarya.

Sai dai kafin ka kai hannu, ka san cewa motocin yanzu ba irin na da ba ne. A da tambari ƙarfe ne kawai da kusoshi biyu. Yau a Toyota da yawa, irin su Camry ta 2018, bayan tambarin gaba akwai na'urar rada, wadda ke auna tazararka da motar da ke gabanka, ta rage maka gudu, ta taka burki da kanta in ta ga za ka yi karo. Marsandi ma masu irin wannan tsari sukan ɓoye tasu a bayan tauraron. Shi ya sa za ka ga tambarin a shafe yake sumul kamar gilashi, an yi masa wani siririn shafi na musamman da saƙon rada ke ratsawa. Ka cire shi ka sa na ƙarfe, ko mai wayoyin wuta a ciki, ka makantar da na'urar. In ka yi sa'a wutar gargaɗi ta kama a gabanka. In ba ka yi ba, sai motar ta daina ganin abin da ke gabanta, kai kuma kana tafe da zaton tana gani. A wasu Golf kuwa tambarin baya shi ne hannun buɗe but, kuma a ƙarƙashinsa kyamarar ribas take. Ka tambayi bakaniken da ya san wayarin kafin ka tambayi mai sayar da kwalliya, domin shi mai kwalliya ciniki ya fito yi.

Akwai wuri ɗaya da zan ce a'a kai tsaye, ba lallashi: tsakiyar sitiyari. Na ga 'yan mata da samari suna manna wani zoben ƙarfe mai duwatsu masu ƙyalli a kan tambarin da ke wurin. Ƙarƙashin wannan murfin jakar iska take, kuma ranar haɗari da ƙarfin tsiya take fasowa, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tambarin kamfani an kafe shi yadda ba zai fita ba. Naka na gam fita zai yi, kuma fuskarka ya nufa. A watan Nuwamban 2023 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan, bayan wani direba ya rasa ganin ido ɗaya ta dalilin irin wannan kwalliyar. In akwai shi a motarka ko ta ƙanwarka, a cire yau.

Shi kuwa na but, in ka ƙudura sai ka canza, kada ka kusance shi da sukudireba ko wuƙa. Ka ɗumama shi da abin busar da gashi har gam ɗin ya saki, ka zura igiyar fatsa ta bayansa kana ja a hankali, sannan ka goge ragowar gam ɗin da laushin tsumma. Wasu tambarin suna da 'yan ƙafafu da ke shiga rami a jikin ƙarfen. In sabon bai rufe ramin ba, damina ɗaya ta isa tsatsa ta kama. Ka kuma sani ranarmu ta riga ta ci fentin motar, wurin da tambari ya rufe ne kaɗai bai koɗe ba, don haka inuwar tsohon rubutu za ta fito raɗau sai an yi masa foli. Tsohon da ka cire ka adana shi. Na ainihi tsada gare shi, kuma na kasuwa sau da yawa bazara ɗaya yake yi ya fara ɓare.

Yanzu ga inda maganata ta fi nauyi. Ka ɗauki Marsandi C300 ka manna mata C63 da AMG, wa kake yi wa? Wanda bai san mota ba, bai san bambancin ba, asarar kuɗinka ka yi. Wanda ya sani kuwa daga ƙarar salansa zai gane. C63 ta 2008 silinda takwas gare ta, kuma a kan injin akwai ɗan faranti mai sa hannun mutum ɗaya da ya haɗa shi daga farko har ƙarshe. Wannan sa hannun kake ara ba da izini ba. Abin dariyar ma, kamfanin kansa ya ɗan yi ƙari, domin injin lita 6.2 ne amma suka rubuta 6.3 don tunawa da wata tsohuwar Marsandinsu ta 1968. Su dai sun ƙara ɗigo, kai kuma ka ƙara rabin inji.

Ku kuma masu manna wa Camry tambarin Lexus, na san abin da za ku ce: ai Lexus ma Toyota ce. Akwai gaskiya a ciki. Toyota ta fito da sunan Lexus a 1989 don kasuwar Amurka, kuma RX300 ta farko a Japan da sunan Toyota Harrier aka sayar da ita. ES350 da Camry mai silinda shida inji iri ɗaya suka yi tarayya a kai. Amma wanda ya ƙera ne ke da ikon raɗa suna, domin shi zai amsa in an samu matsala. Camry mota ce mai mutunci, ta kai 'ya'ya makaranta ta kai amare ɗakunansu. Ban san abin da ta yi maka ba da kake kunyar sunanta.

Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne, ranar sayarwa ake zuwa ƙarshensa. Yau ana ɗaukar Land Cruiser ko LX570 ta 2008, a canza mata bamba da fitilu da raga da tambari, ta fito kamar ta 2018. Wannan afgired ɗin da kuke yi, in don kanka ne, bismilla. Amma kai dillali, ɗana, in ka yi shiru mai saye ya biya kuɗin sabuwa a kan tsohuwa, algus ka yi, ko da bakinka bai furta ƙarya ba. Kun san labarin da ya zo a Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya wuce mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a zarge shi don abincin ya jiƙe ba. An zarge shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Ka faɗi shekarar motar, ka faɗi abin da aka canza, ka miƙa tsohon tambarin tare da takardu. Mai so zai saya, har ya yaba aikin.

Kai kuma mai saye, kada ka tsaya kallon but. Ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, tsarin da ake bi tun 1981. Na farkon yana faɗa maka ƙasar da aka ƙera ta: J Japan ce, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin da aka yi don kasuwar Amurka, waɗanda su ne akasarin namu, na goma shi ne shekara: 8 na nufin 2008, A na nufin 2010, J 2018, L 2020. Ka gwada ta da wadda ke jikin ƙofar direba da wadda ke takardar kwastan. In ɗaya ta saɓa da sauran, ka yi wa dillalin sallama cikin mutunci, ka riƙe kuɗinka ka duba wata.